Giram Nawa na Ganyen Shayi Ake Zubawa a Gaiwan?

Duk wanda ya sayi shayin Tieguanyin a lardin Fujian na ƙasar Sin, ko a kasuwar shayi ta Fangcun da ke Guangzhou, birnin da 'yan kasuwarmu masu saro kaya suka sani sarai, zai ga ana sayar da shi a 'yan ƙananan ledoji da aka zuƙe wa iska, kowace ɗaya giram 7 ko 8. Ba haka kawai aka zaɓi wannan nauyin ba. Leda ɗaya ta zama ɗaya ce a gaiwan, wato kwanon jiƙa shayi, mai cin mililita 110, girman da aka fi amfani da shi a can. Rikicin yana farawa ne idan mutum ya ɗauki bakwai ɗin nan ya mai da shi doka. Giram 7 na koren shayin Longjing a wannan kwanon zai ba ka ruwa mai ɗaci kamar maɗaci. Giram 7 na farin shayin Shou Mei ba zai ma shiga ba sai an danna shi. Giram 7 na Tieguanyin ɗin kansa, idan aka zuba a gaiwan mai cin 180, zai fito tsululu. Abu uku ne suke yanke adadin: ruwan da kwanon yake ci da gaske, irin ganyen, da daƙiƙun da za a bar shi a cikin ruwa.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, sunan ma ya bayyana shi: "gai" murfi, "wan" kwano. Kwanon tangaran ne ƙarami mai leɓe da ya ɗan buɗe waje, da murfi mai shiga ciki kaɗan, da ɗan faranti a ƙasa. Ba shi da mariƙi, ba shi da rariya. Murfin ne rariyar: a karkatar da shi, a bar 'yar kafa, ruwa ya fita ganye ya tsaya. Mafi shahara ana yin su a Jingdezhen da Dehua, kuma da yake tangaran ba ya riƙe ƙamshi, kwano ɗaya zai yi maka kowane irin shayi. A 1391 ne sarki Hongwu, wanda ya kafa daular Ming, ya hana a riƙa kawo wa fada shayin da aka curo kamar dunƙule, ya ce a kawo ganye a warwatse. Daga nan jiƙa ganye ya maye gurbin niƙa shi a kaɗa, kuma a zamanin daular Qing gaiwan ya cika gidajen shayi.

Hanya biyu ake amfani da shi, kuma rashin bambance su shi ne yake sa shawarwarin da ake gani suke cin karo da juna. A gidajen shayin Chengdu da ke Sichuan, gaiwan kofi ne. Ana zuba ganye kaɗan, kamar giram 3 a ruwa mililita 150 zuwa 200, mutum ya riƙa kurɓa daga bakin kwanon yana ture ganye da murfi, mai buta yana zagayowa yana ƙara ruwan zafi. Ganyen yana zaune a ruwa tsawon zaman, dole ya zama kaɗan. Hanya ta biyu ita ce ta mutanen birnin Chaozhou da na lardin Fujian, wadda ake kira gongfu: ganye da yawa, ruwa kaɗan, a tsiyaye shi kaf bayan 'yan daƙiƙu, a sake zuba wani, har sau shida, takwas, wani lokaci fiye da goma. A nan gaiwan buta ce. Duk alƙaluman da ke ƙasa na hanya ta biyun ne.

Kafin a auna ganye, a auna ruwa. Adadin da aka rubuta a kwalin gaiwan yawanci na cikawa ne har baki, kuma babu mai cika shi haka sai mai son ƙona yatsu. Ɗora kwanon a kan sikeli, mai da sikelin sifili, zuba ruwa har daidai layin da gefen murfi yake zama, sannan ka karanta. Giram ɗaya na ruwa mililita ɗaya ne. Ba abin mamaki ba ne wanda aka sayar maka a matsayin mai cin 120 ya nuna 95 ko 100, mai 150 kuma ya nuna 120. Wannan lambar ta biyu ita ce taka. Wanda ya yi lissafi da ta jikin kwali yana zuba ganyen da ya wuce kima da kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu a kowane zama, sannan ya ce shayin ne mai ɗaci.

Da ka san ruwan, sauran rabawa ce. Ga ulong da Pu'er, mafari mai kyau shi ne giram 1 ga kowane mililita 15. Ulong shayi ne da ke tsakanin kore da baƙi, irin su Tieguanyin, Pu'er kuma shayin lardin Yunnan ne da ake matsewa a ajiye. Ga baƙin shayi da fari, giram 1 ga mililita 20. Ga kore, giram 1 ga mililita 30 zuwa 40. Idan kwanonka yana cin 110, wato giram 7 da ɗoriya, giram 5 da rabi, da giram 3 zuwa 3 da rabi ke nan. Idan 90 yake ci, giram 6, giram 4 da rabi, da giram 2 da rabi zuwa 3. Don a ga girman abin: jakar Lipton ɗaya giram 2 ce, ana jefa ta a kofi mai cin mililita 200 ko fiye. A gaiwan ana zuba nauyin jaka uku da rabi a rabin wannan ruwan. Shi ya sa lokacin jiƙon ya koma daƙiƙu.

An ce ido ba mudu ba, ya san ƙima. A wajen shayi dai ido yana shan kunya, domin ganyen ba siffa ɗaya ake ba shi ba. Tieguanyin da ulong na tsaunukan Taiwan ana murza su ne su zama 'yan ƙwallaye kamar wake. Giram 7 da ƙyar yake rufe gindin kwanon, sai mutum ya ga kamar an yi rowa, ya ƙara tafi guda. Zuwa zubi na uku kowace ƙwallo ta warware ta zama ganye biyu ko uku a jikin tsinke ɗaya, kwanon ya cika maƙil, murfi ya ƙi zama, ruwa ya rasa hanyar shiga tsakiya. Irin wannan shayin, idan ba sikeli, shimfiɗa ɗaya da ta rufe gindi ta isa. Da zarar ƙwallayen sun fara hawa kan juna hawa biyu, an wuce. Shi kuma Shou Mei akasin haka ne. Manyan ganye ne busassu masu fashewa kamar ganyen kuka da bai sha turmi ba, giram 5 yana cika kwanon har ya yi tozo. Mai auna shi da ido zai tsaya a rabin kwano, ashe giram 2 ya zuba. Cokali ma ba ya raba gardama, tunda abin da yake aunawa girma ne.

Sikelin kicin mai tafiya giram ɗaya-ɗaya ba zai wadatar ba, domin a giram 3 kuskuren giram ɗaya kashi ɗaya cikin uku ne. A nemi ƙaramin sikelin aljihu mai nuna 0.1, irin na masu sayar da gwal. A ɗora shi a wuri mai daidai, nesa da fanka, domin iskar fanka kaɗai tana motsa lambar. Bayan wata ɗaya ko biyu kana auna shayi iri ɗaya a kwano ɗaya, idonka zai koyi yadda giram 7 na wannan shayin yake, sai ka ajiye sikelin har ranar da ka buɗe sabon iri.

Ulong na duwatsun Wuyi da ke Fujian, su Da Hong Pao da Rougui da Shuixian, dogayen ganye ne murɗaɗɗu da aka gasa a kan gawayi ko a injin gashi. Su ne suka fi ɗaukar ganye da yawa. Ledarsu ta giram 8 ce galibi, kuma a kwano mai cin 110 tana kai rabi zuwa kashi biyu cikin uku tun a bushe. Ruwan ya zama a tafashe, zubi uku na farko kuma a tsiyaye cikin daƙiƙa 5 zuwa 10. Idan aka rage ganyen zuwa giram 4 don gudun ƙarfi, abin da zai saura shi ne warin gashin wuta kawai, kaurin da gardin da aka biya kuɗi dominsu ba za su fito ba. Wanda giram 8 ya yi wa nauyi ya sauko zuwa 6 da rabi, ko ya nemi ƙaramin kwano.

Dancong, ulong na tsaunin Fenghuang, kusa da Chaozhou, a ido kamar na Wuyi yake, amma halinsu daban. Ƙamshinsa na furanni da 'ya'yan itace ne, sai dai yana da saurin fushi: daƙiƙa biyar na sakaci sun isa su mai da shi mai ɗaci da bauri. Mutanen Chaozhou suna cika kwano kashi bakwai ko takwas cikin goma da shi, amma harshensu ya saba tun suna yara, kuma hannunsu yana da sauri. Suna ma da wata dabara da ta cancanci koyi: sai a zazzage ganyen a kan farar takarda, a ware manya da gutsattsari, a sa gutsattsarin a tsakiya manya su rufe su, don kada ƙananan su toshe kafar murfi ko su biyo ruwa. Ga mai farawa, giram 5 zuwa 6 a mililita 110 ya fi, a zuba ruwa ta gefen kwano a hankali, a tsiyaye nan take ba tare da ƙirga komai ba.

Pu'er na Yunnan yana zuwa a matse, faifai guda mai nauyin giram 357 bisa al'ada, kuma a nan ne nauyi daidai yake iya ba da sakamako biyu mabambanta. Gutsure ɗaya mai tauri na giram 7 ba zai ba da komai ba a zubi na ɗaya da na biyu, ruwan kamar an ɗauraye kofi. Sai mutum ya ƙara lokaci zuwa rabin minti, daidai lokacin da gutsuren ya buɗe gaba ɗaya, zubi na uku ya fito baƙi ƙirin. Giram 7 na garin da ya zube a takardar naɗi kuwa zai saki duk abin da yake da shi a zubi biyu ya mutu. Abin da ake so yana tsakani. A soka tsinken ƙarfe ta gefen faifan, a bi shimfiɗar ganyen a ɗaga a hankali yadda zai ɓalle falle-falle, a raba giram 7 ɗin gida uku ko huɗu, a haɗa da ɗan warwatsattsen da ya zubo. A ɗauraye da tafasasshen ruwa daƙiƙa 5 zuwa 10, a zubar, a rufe murfi a bar shi minti ɗaya ko biyu tururi ya sassauta shi. Wannan hutun ya fi ƙarin giram amfani. Masu matsi sosai, irin 'yan dunƙulen Xiaguan masu siffar sheƙar tsuntsu, suna iya buƙatar hutu mafi tsawo.

Pu'er ɗin ma iri biyu ne. Nunanne, wanda aka ƙirƙiro hanyar yinsa a Kunming a 1973 ta hanyar tara ganye a jiƙe ya ruɓa a hankali, ba shi da ɗaci sosai, yana ɗaukar giram 7 zuwa 8 ba tare da matsala ba, kuma da yawa suna ɗauraye shi sau biyu. Ɗanye sabo, wanda bai wuce shekara biyu ko uku ba, yana da kaifi. Giram 6 a mililita 110 ya isa, idan na yankin Bulang ne mai ɗaci ma a fara da 5 da rabi.

Baƙin shayi, wanda Sinawa suke kira ja saboda launin ruwansa, ba shi da wahala. Dianhong na Yunnan da Qimen na Anhui giram 5, ruwa digiri 90 zuwa 95, daƙiƙa 10 zuwa 15. Qimen ganyensa ƙanana ne, a rage rabin giram. Idan aka cika masa ganye tsami yake fara yi kafin ɗaci, kuma wannan tsamin alama ce mai kyau ta cewa an wuce. Farin shayi mai toho zalla, Baihao Yinzhen, giram 5, yana son lokaci fiye da sauran, daƙiƙa 20 zuwa 30 tun a farko, domin gashin da ke jikin tohon yana hana ruwa ratsa shi da wuri. Shou Mei kuma kada a karya shi don ya shiga. A tula shi yadda yake, ruwan farko zai kwantar da shi.

Koren shayi ne kaɗai adadi ba ya cetonsa idan zafin ruwa ya kuskure. Longjing na Hangzhou da Biluochun na Jiangsu ƙananan toho ne masu laushi, giram 3 a mililita 110, ruwa wajen digiri 80, daƙiƙa 20 zuwa 30, kuma a bar murfin a buɗe tsakanin zubi da zubi, in ba haka ba tururi zai dafa ganyen ya koma rawaya mai warin dafaffen alayyahu. Idan babu ma'aunin zafi, a haɗa kashi 3 na tafasasshen ruwa da kashi 1 na ruwan da ya zauna a ɗaki. Lissafin yana ba da digiri 80 zuwa 82, gwargwadon sanyin gari. Biluochun ya fi Longjing saurin saki saboda murɗaɗɗe ne siriri, giram 2 da rabi ma yana yi.

Akwai koren shayin Sin da muka fi sani fiye da duk waɗannan, wato wanda ake dafa shayin Buzaye da shi daga Agadas zuwa Kano: mai ƙwallaye da ake gani da lamba 3505 a kwali, da mai lanƙwasa mai lamba 41022. Yana shiga gaiwan, amma a san abin da aka tara. An yi shi ne don ya jure tafasa a kan gawayi da sukari da na'a-na'a, kuma yana da nauyi ƙwarai a ɗan wuri. Giram 3, ruwa digiri 75 zuwa 80, a ɗauraye sau ɗaya, sannan daƙiƙa 15. Zai ba da zubi uku ko huɗu masu ɗan ƙauri da bauri. A ganina amfaninsa mafi girma a nan shi ne koyon riƙo da tsiyaya da shayi mai araha kafin a taɓa mai tsada. Garin da ke cikin jakar shayi kuwa kada ma a gwada, zai bi ta kafar murfi, kuma a daƙiƙa goma ya gama sakin komai.

Adadi ba ya aiki sai da lokacinsa. Ga ulong da Pu'er a giram 7, zubi na ɗaya zuwa na uku daƙiƙa 10 ne ko ƙasa, daga nan a riƙa ƙara 5, sannan 10, zuwa na bakwai ko na takwas an kai minti guda. Abin da ake mantawa shi ne ganyen ba ya jiran ka fara ƙirge. Cika kwanon yana cin daƙiƙa biyar, ɗora murfi da gyara riƙo wasu uku, tsiyayewa kuma biyar zuwa takwas. Mai sabon hannu da yake tsoron zafi yana iya kai rabin minti alhali a ransa goma ya yi. Irin wannan ya rage giram ɗaya har hannunsa ya faɗa. Riƙon kuwa: babban yatsa da na tsakiya a kan leɓen kwano, manuniya a kan maɓallin murfi, kafa kuma daidai yadda ruwa zai fita da ƙarfi ganye bai biyo ba. Yatsu suna ƙonewa ne idan ruwa ya haura layin murfi, kuma cika ganye yana jawo hakan, domin idan ganye ya kumbura ya cinye wuri, hannu yana ƙara ruwa ba tare da mutum ya lura ba.

Dalilin da ya sa ganye mai yawa da gajeren lokaci ya bambanta da ganye kaɗan da dogon lokaci, alhali ƙarfin ruwan yana iya zama ɗaya, shi ne abubuwan da ke cikin ganyen ba tare suke fitowa ba. Masu ba da ƙamshi da ɗan zaƙin nan suna fita da wuri. Masu kawo bauri, wanda yake ɗaure harshe kamar ɗanyen goro, sun fi ɗaukar lokaci kuma zafi yana hanzarta su. Giram 7 a daƙiƙa 10 yana tara na farkon da yawa kafin na biyun su iso. Giram 3 a minti 3 yana kwaso duka a haɗe.

Da wannan ake gane inda laifi yake idan shayi ya ɓaci. Idan ka tsiyaye nan take amma duk da haka ruwan ya yi kauri, ya yi ɗaci, ya tsaya a maƙogwaro, ganye ne ya yi yawa. Ɗebe kaɗan da cokali ka ajiye a gefe, za ka iya mayar da shi a zubi na biyar idan sauran ya fara rauni. Idan zubi biyu sun yi daɗi na uku ya yi ɗaci, lokaci ne, ko kuma ba ka tsiyaye kaf ba. Wannan na biyun ya fi yawa fiye da yadda ake zato: cokali ɗaya na ruwa da ya rage a gindin kwano yana ci gaba da jiƙa ganyen duk tsawon hirar da ake yi, sai ya ɓata zubi na gaba. A karkata kwanon har ɗigo na ƙarshe, a mayar da shi daidai, a sake karkatawa. Idan akwai ƙamshi a murfi amma ruwan salaf, kuma ƙarin lokaci bauri kawai yake kawowa, ganye ne ya yi kaɗan. Idan kuma ba ƙamshi ba ɗanɗano duk da adadi daidai, a duba zafi: kwano mai sanyi yana shanye zafin ruwan farko, musamman da safiyar hunturu, don haka a ɗumama shi da ruwan zafi kafin a zuba ganye. A Jos ma, saboda tudu, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, abin da gasasshen ulong da Pu'er za su ji. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri yana dushe shayi ya bar wata yana a samansa. Ƙarin ganye ba ya gyara wannan, sai canjin ruwa.

A riƙa gyara abu ɗaya a lokaci guda, kuma rabin giram ya isa mataki. Wanda ya rage ganye ya rage zafi ya rage lokaci a zama ɗaya, ko shayin ya yi daɗi ba zai san wanne ne ya gyara shi ba. Idan ledar ta kusa ƙarewa, abin da ke ƙasa gutsattsari ne, a rage giram ɗaya daga abin da aka saba.

Yawan masu sha ba ya canza rabon. Gaiwan mai cin 110 yana fitar da kusan mililita 90, ƙasa da haka ma idan ganye ya kumbura, wato ƙananan kofuna uku masu cin 30, kuma kofi uku ne al'adar Chaozhou ko mutum nawa ne a zaune. Idan baƙi shida ne, ninka ganye a kwano ɗaya ba zai ƙara ruwa ba. A haɗa zubi biyu a ɗan jug ɗin da Sinawa suke kira kofin adalci, domin yana daidaita ƙarfin shayin kowa, sannan a raba. Ko a ɗauko mai cin 150 a zuba giram 10, sai dai babban kwano yana da wuyar riƙo ga mai ƙaramin hannu kuma ya fi daɗewa wajen tsiyaya. Mai sha shi kaɗai ya nemi mai cin 60 ya zuba giram 4. Giram 100 na shayi zama 14 ne a giram 7, zama 25 a giram 4, kuma ɗanɗanon ɗaya ne.

Ƙaramin kwano yana da wani amfanin. Busasshen ganyen shayi yana ɗauke da sinadarin kafeyin mai hana barci kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na nauyinsa, wato miligiram 140 zuwa 280 a giram 7, kuma zubi takwas ko goma suna fitar da mafi yawansa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 miligiram 400 a rana ba ya da illa ga baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma 200. Zama ɗaya na mutum ɗaya yana iya cinye rabin kasonsa na yini. Ɗaurayar farko ba ta wanke kafeyin ɗin, duk da ana yawan faɗar haka. Shan ɗanyen Pu'er ko koren ulong mai ƙarfi a kan yunwa yana kawo jiri da rawar hannu, abin da Sinawa suke kira buguwar shayi, don haka ba abin buɗa-baki ba ne sai an ci wani abu.

Masu tantance shayi a Sin suna da nasu ma'aunin, wanda bai kamata a rikita shi da na sha ba. Ga ulong suna zuba giram 5 a gaiwan mai cin 110, ruwa a tafashe, su bar shi minti 2, sannan 3, sannan 5. Da gangan ake matsa wa ganyen don duk aibinsa ya fito. Hanya ce mai kyau ta gwada ɗan samfuri kafin a sayi kilo: shayin da ya sha minti 2 a haka bai zama abin tofarwa ba, zai yi daɗi a daƙiƙa 10.

Bayan zubi na ƙarshe kada a yi saurin zubar da ganyen. A ɗaga murfi a duba. Ga ulong da Pu'er, ganyen da ya buɗe ya kamata ya kai daidai inda murfi yake zama, murfin ya kwanta a kai ba tare da an danna ba, kuma idan ka taɓa da yatsa ya ɗan lotsa ya dawo. A kife shi a faranti, a buɗe tsakiyar tulin. Idan akwai ƙwallayen da ba su warware ba, ko gutsuren Pu'er da cikinsa yake a bushe, wurin ya yi musu kaɗan, gobe a rage giram ɗaya. Idan tulin bai wuce rabin kwano ba, a ƙara rabin giram, a rubuta sabon adadin da biro a jikin ledar shayin.